Daga kaset zuwa faifai: tarihinmu na shekara talatin yana ruɓewa a ɗakunanmu

A ƙarshen watan Janairun 2025 kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fitar da wata gajeriyar sanarwa, cewa daga watan Fabrairu zai daina ƙera kaya huɗu: faifan Blu-ray wanda ba a zuba komai a cikinsa ba, da faifan MiniDisc na ɗaukar sauti, da ɗan'uwansa na ajiyar bayanai, sai ɗan ƙaramin kaset ɗin kyamara da ake kira MiniDV. Ya ƙara da cewa babu wani sabon samfuri da zai gaje su. Kafin ka ce kwabo labari ya karaɗe intanet, ana ta yaɗa cewa zamanin faifai ya ƙare, an daina buga fim a Blu-ray. Wasu suka shiga jimami, wasu suka ce dama wa yake kallon faifai a zamanin da kowa ke riƙe da waya.

Dukansu ba su karanta sanarwar da kyau ba. Finafinan da masana'anta ke bugawa a faifai suna nan ana sayar da su. Abin da Sony ya cire hannu a kai shi ne faifan da mutum ke saya babu komai a ciki ya kwafi abinsa a gida, kuma wasu kamfanoni irin su Verbatim sun fito sun ce su za su ci gaba da yin nasu. Abin da ya kamata ya tayar mana da hankali shi ne na huɗu a jerin, wanda kusan babu wanda ya ko kalle shi. A kan MiniDV masu ɗaukar bidiyo suka ɗauki ɗaurin aure da suna da saukar karatu da hawan sallah tun daga ƙarshen shekarun 1990 har zuwa lokacin da waya da memori suka karɓe kasuwa. Ranar da mai ƙera kaset ya rufe shago, duk sana'ar da ke kewaye da kaset ɗin ta kama hanyar gushewa: kyamarar da ke kunna shi, da kayan gyaranta, da mai gyaran kansa.

An taɓa yin irin wannan. A watan Yulin 2016 kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar kallon kaset ɗin VHS, ya dakatar da aikin. Lokacin da kasuwa ke ci yakan sayar da na'ura miliyan 15 a shekara, amma a 2015 dubu 750 kacal ya sayar, ga kayan haɗawa sun yi wuyar samu. Ke nan duk na'urar bidiyon da ke aiki a duniya yau tsohuwa ce, kuma kullum yawansu raguwa yake yi. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti da bidiyo ta duniya, IASA, suka yi shelar cewa zuwa wajajen 2025 juya kaset zai daina zama aikin yau da kullum, domin na'urori da kayan gyara da ƙwararrun masu gyara duk ƙarewa suke yi. Ga shi mun iso wa'adin.

Shi ma kaset ɗin yana da nasa ajalin. Zarensa siririyar leda ce da aka shafa wa garin maganaɗisu da wani irin gam. Danshi yakan lalata gam ɗin har zare ya riƙa manne wa junansa, ko ya riƙa zubar da garin a cikin na'ura. Fumfuna takan yi masa fari-fari, zafi ya tanƙwara shi. Ƙasarmu kuwa ta haɗa abubuwa uku masu cutar da shi: zafin bazara a ƙarƙashin rufin kwano, da laimar watan Agusta, da ƙurar hunturu mai shiga ko'ina. Masana adana kaya sukan yi wa kaset ƙiyasin shekara 10 zuwa 30. Wanda aka ɗauka a 1995 ya riga ya ci nasa rabon.

Yadda ake juyawa

Aikin hawa uku ne. A fitar da hoton daga kaset zuwa kwamfuta, a matse shi ya koma tsarin da faifai ke karɓa, sannan a tsara faifan a buga.

Hawa na farko ya danganta da irin kaset ɗin. VHS wanda JVC ya fitar a 1976, da ƙanensa VHS-C, da Video8 da Hi8 na Sony, duk tsohon tsari ne da ke ajiye hoto a matsayin igiyar lantarki. Sai an haɗa na'urar da ke kunna su da wata 'yar na'ura mai mayar da igiyar lambobi, ta wayoyin nan uku, rawaya da fara da ja, ko ta wayar S-Video wadda ta fi fitar da hoto tas. Babu gaggawa a nan, kaset ɗin awa uku zaman awa uku yake ci. MiniDV da Digital8 kuwa tun asali lambobi suke ɗauka, saboda haka kwafa kawai ake yi ta wayar FireWire, wadda Sony ke kira i.LINK, kuma abin da ke kan zare shi zai shiga kwamfuta ba ragi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jona kyamarar MiniDV ta wayar nan rawaya, a rage wa hoto kyau a banza. Sababbin kwamfutocin hannu ba su da ramin FireWire, don haka duk mai tsohuwar kwamfutar tebur da ke da shi ya riƙe ta da kyau. Awa ɗaya ta MiniDV tana cin kusan giga 13.

Daga nan hawa na biyu ke farawa, domin faifan DVD na yau da kullum giga 4.7 yake ɗauka. Dole a matse hoton zuwa tsarin MPEG-2, mai ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye, hoto 25 a kowace daƙiƙa, wanda shi ne ma'aunin PAL da ake amfani da shi a Najeriya da Gana. Kaset ɗin da ɗan'uwa ya aiko daga Amurka tsarin NTSC ne, wanda aka ɗauka da na'urar SECAM ta Nijar kuma yana iya fitowa baƙi da fari a na'urar da ba ta san shi ba, saboda haka a duba kafin a ce kaset ya lalace. Sautin DVD kilohaz 48 ne, alhali kyamarorin MiniDV da yawa an bar su a kan 32, kuma idan manhaja ba ta daidaita wannan da kyau ba sai ka ga baki ya motsa murya ta biyo baya. Lissafin wuri kuma mai sauƙi ne. Iyakar abin da DVD ke yarda da shi ga hoto megabit 9.8 ne a daƙiƙa. Awa ɗaya a faifai ɗaya takan fito da cikakken kyau, awa biyu ba laifi, abin da ya haura haka kuwa fuskoki sukan fara fashewa gida-gida da zarar an fara rawa ko dawakai sun zabura. Mai shagon da ya ce zai cusa maka kaset biyu masu awa uku-uku a faifai ɗaya sauƙin kansa yake nema. Haka nan kada a yarda a miƙe hoton tsohuwar kyamara don ya cika faffaɗan talabijin na zamani. A bar shi a siffarsa ta 4:3, ko da gefe da gefe za su yi baƙi.

Hawa na uku shi ne inda mutane suka fi ruɗewa. Zuba fayil ɗin bidiyo a faifai kamar yadda ake zuba shi a filash bai mayar da shi faifan kallo ba. Na'urar DVD tana neman wata jaka mai suna VIDEO_TS, wadda ke ɗauke da fayilolin VOB da IFO da BUP. Manhajar kyauta irin DVDStyler tana gina wannan jaka har da shafin zaɓi, ImgBurn kuma ta buga. A buga a hankali, kada a zaɓi gudu mafi sauri, a sa manhaja ta tantance bayan ta gama, sannan a gwada faifan a na'ura biyu. Masu kyamarar da ke ɗauka kai tsaye a ƙaramin faifai su tuna cewa sai an rufe faifan a cikin kyamarar kafin wata na'ura ta karanta shi, don haka a yi wannan tun kyamarar tana da rai. Bidiyon waya kuwa, mai ɗigo 1920 da 1080, idan aka mayar da shi DVD kashi huɗu cikin biyar na ɗigonsa ake zubarwa. A yi wa Hajiya faifan da za ta kalla a ɗakinta, amma a ajiye na asalin.

Faifai na kallo ne

A nan ne nake ganin mun fi yin asara. Mutum zai kai kaset shago, a ba shi faifai a cikin kwali mai hoton ango da amarya, ya dawo gida ya ba yara kaset ɗin su yi wasa da zarensa, shi kuma mai shago ya goge babban fayil ɗin don ya samu wurin aikin gobe. Matse bidiyo kamar yin kilishi ne: ya fi sauƙin ɗauka, ya yi daɗi, amma ba ya komawa ɗanyen nama. Abin da MPEG-2 ya zubar ya tafi ke nan. Duk gyaran da za a so yi nan gaba, na launi ko na sauti, daga babban fayil ɗin farko ake yin sa.

Ga shi kuma faifan da ake bugawa a gida ba irin na masana'anta ba ne. Na masana'anta hatimi ake buga masa a jikin roba. Na gida kuwa wani rini ne a cikinsa da hasken na'ura ke yi wa tabo, kuma rana da zafi da danshi suna cin rinin nan. Kowa ya san faifan da ya yi shekara biyar a kan talabijin ya fara tsalle yana maƙalewa. Ƙa'idar da masu adana kaya ke bi ita ce kwafi uku, a kan abu iri biyu, ɗaya a wajen gida. Misali babban fayil a rumbun kwamfuta na waje, wani kwafin a wani rumbun a gidan ɗan'uwa a wata unguwa ko a ma'ajiyar intanet, sai faifai don kallo. Kaset ɗin ma a ɓalle ko a tura ɗan maɓallin da ke hana ɗauka a kansa, a tsayar da shi a tsaye cikin gidansa, nesa da rana da lasifika. Turawa ta WhatsApp a matsayin bidiyo kuwa zumunci ne mai kyau, sai dai manhajar takan ƙara matse hoton, don haka kada a ɗauke ta ma'ajiya.

Abin da ke cikin kaset-kaset ɗin nan

Wani zai ce duk wannan wahala a kan bidiyon biki? Ai wanda ya faɗi haka bai zauna ya yi tunanin abin da kyamara ta kama ba tare da niyya ba. Daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da alhazai da 'yan kasuwa suka fara shigowa da kyamara, zuwa wajajen 2010, babu wata hukuma da ta ɗauki rayuwar talakan ƙasar Hausa kamar yadda mai bidiyon unguwa ya ɗauke ta. Ya shiga zaure ya ɗauki dattawa suna karɓar sadaki. Ya bi ayarin kai amarya ta lungunan da yau an rushe su an yi titi. Ya kama ɗinkin wancan zamani, da ɗaurin ɗankwali, da jeren kwalla da samira a ɗakin amarya, da irin Hausar da tsofaffi ke yi kafin rediyo da waya su daidaita bakin kowa. A bayan ango akwai babbar kasuwar Jos kafin gobarar 2002, akwai tsohuwar Ƙofar Na'isa kafin a rushe ta a 2010, akwai Bama da Baga kafin Boko Haram. Ga iyalan da suka gudu daga garuruwansu da kayan jikinsu, kaset ɗin da ya rage a hannun wani ɗan'uwa a Kano ko Maiduguri yana iya zama shi kaɗai ne shaidar yadda gidansu yake.

Tarihin mata ya fi kowanne dogara da waɗannan kaset-kaset. Jarida ba ta shiga cikin gida ba, littafin tarihi ma sarakuna da yaƙe-yaƙe ya fi bi. Kamu da sa lalle da wankan amarya da buɗar kai, da kiɗan ƙwarya da amada irin na Barmani Choge wadda ta rasu a 2013, mafi yawansu a cikin gidaje aka yi su, kuma kyamarar biki ce kaɗai ta gani. Haka makaɗan maza. Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Mamman Shata a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. Abin da suka yi a ɗakin ɗaukar sauti ɗan kaɗan ne a kan abin da suka yi a filin biki da naɗin sarauta, inda waƙa ke sauyawa gwargwadon wanda ya shigo fili. Malamai ma haka. Tafsirin Shaihu Abubakar Gumi a masallacin Sultan Bello, da majalisun Shaihu Nasiru Kabara, da karatun Shaihu Ja'afar Mahmud Adam, almajirai sun yi ƙoƙari sun yaɗa sautinsu, amma malaman ƙauye da na zaure da aka ɗauka sau ɗaya a wurin maulidi ko saukar karatu fa? A watan Disamban 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, muka yi murna. Sarki Ado Bayero ya hau karaga a 1963 ya rasu a 2014, kuma kusan rabin hawan da ya yi a zamanin kaset aka yi su. Duk mai son nazarin yadda hawan Daushe da hawan Nasarawa suka sauya, wurin kaset zai koma.

Sai masana'antar fim. A kan VHS aka haife ta. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda Salisu Galadanci ya ba da umarni, shekara biyu kafin Living in Bondage da ake cewa shi ya buɗe kasuwar finafinan Kudu. Gimbiya Fatima ya biyo baya, sai In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, sai Sangaya a 1999 da Wasila a 2000 waɗanda suka sauya fasalin kasuwar baki ɗaya. Sunan Kannywood ma a mujallar Tauraruwa ya fara fitowa a 1999, kafin a ji Nollywood a 2002. Tsarin kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano shi ne furodusa ya buga kwalaye ya sayar wa 'yan kasuwa, ya ba su uwar kaset, wadda 'yan fim ke kira masta, su kuma su yi ta kwafa a na'urorin da suka jera. Tsari ne da ya kai fim har Agadas da Kumasi da Sudan, amma babu wanda ya ɗora wa alhakin adana uwar kaset bayan kasuwar fim ta wuce. Kowane kwafi na VHS kuwa yana rage wa hoto kyau. Da faifan VCD ya zo, mai ɗigo 352 da 288 kacal, aka juya tsofaffin finafinai a kansa daga duk kwafin da ya zo hannu. Shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda ake gani a YouTube yau dishi-dishi suke, jikan kwafi ne ko tattaɓa-kunnensa. Farfesa Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin da mujallar Fim sun rubuta tarihin wannan zamani. Rubutu yana nan, finafinan da aka yi rubutun a kansu ne ke salwanta.

Gidajen talabijin su ma suna da nasu kason. Talabijin ya fara a Kaduna tun 1962, Kano ta samu CTV a zamanin Gwamna Abubakar Rimi. A gidajen talabijin aka yi Samanja Mazan Fama da Kuliya Manta Sabo da wasannin Ƙasimu Yero, a kan manyan kaset-kaset irin U-matic da Betacam, waɗanda na'urorinsu sun fi na VHS wuyar samu yau. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi, wato Samanja, a 2023. Al'adar gidajen talabijin ce a duk duniya su goge tsohon shiri su ɗauki sabo a kan kaset ɗin saboda tsada, kuma BBC da kanta ta yi haka ta yi nadama.

Darasi biyu daga gida

Nadamar BBC ta kawo mu Jos. A watan Oktoban 2013 ta sanar da cewa an gano kashi tara na shirinta Doctor Who na 1967 da 1968, waɗanda ta daɗe da fitar da rai da su. Wani mai bin sawun tsofaffin finafinai, Philip Morris, shi ya same su a kan kanta a ɗakin ajiyar wani gidan talabijin a Jos. Turawa suka yi ta biki, aka gyara su aka sayar. Mutum ya taso daga Ingila ya zo ya binciki ɗakunan ajiyarmu don neman tarihin ƙasarsu. Mu wa muka tura ya duba kantar da ke kusa da waccan?

Na biyu shi ne Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana ɗaukar ya ɓace, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya. Cibiyar Arsenal ta birnin Balin ce ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinan Balin na 2018. Abin farin ciki ne, amma a lura da abu guda. Waɗannan biyun duk a kan zaren fim na sinima suke, wanda ko ba na'ura za ka ɗaga shi a haske ka ga hoto, kuma yana iya jure shekara arba'in a kan kanta. Kaset ba ya yin wannan haƙuri, kuma idan babu na'urarsa ba a ganin komai a jikinsa. Sa'ar da Shaihu Umar ya ci, finafinan Ƙofar Wambai ba za su ci ta ba idan aka zauna jira.

Wa ke da alhaki?

Muna da gidajen da wannan aiki ya rataya a wuyansu. Akwai ma'ajiyar fim da bidiyo da sauti ta ƙasa a Jos. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Mambayya da Hukumar Tarihi da Al'adu a Kano. Akwai Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, wadda furodusoshi ke kai wa finafinansu kafin su shiga kasuwa. Akwai sassan Hausa da na aikin jarida a jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, a Yamai kuma akwai CELHTO da aka kafa don tarihin baka. Ya kamata kowace daga cikinsu ta iya gaya wa jama'a kaset nawa take riƙe da su, nawa aka juya, nawa suka rage. Hukumar da ta iya duba fim don ta yanke abin da bai dace ba, ta iya ajiye kwafinsa don jikoki.

Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: ɗaki ɗaya mai sanyi, na'urori masu lafiya na kowane irin kaset, kwamfutoci kaɗan, rumbunan ajiya, wutar sola, da matasa da aka horar. Kuɗinsa bai kai na motar babban jami'i guda ba. A nemo tsofaffin masu gyaran bidiyo da suka koma gyaran waya, a ɗauke su aiki su koyar, domin ilimin da ke hannunsu ba a jami'a ake samunsa ba. A saye na'urorin da suka rage kafin 'yan gwangwan su auna su a sikeli. A buɗe rana guda a wata da talaka zai kawo kaset ɗinsa a juya masa kyauta, in ya yarda a ajiye kwafi, in bai yarda ba ya tafi da abinsa. Asusun manyan makarantu na TETFund na ba da kuɗin bincike, wannan ma bincike ne. Ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN kuma ta bi gidajen furodusoshin farko da magadansu ta tattara uwayen kaset, a rubuta yarjejeniyar da za ta kare haƙƙin mai shi. Attajiranmu da ke gasar gina ƙofar gida su sani wannan ma aikin alheri ne da za a daɗe ana amfana da shi.

Akwai wata damuwa ta gaskiya da ke hana mutane fito da kaset, kuma bai kamata a raina ta ba. A cikinsa akwai matan aure cikin kwalliya a tsakar gida, akwai waɗanda suka rasu, akwai auren da ya mutu. Babu mai son ya ga mahaifiyarsa tana yawo a TikTok. Maganin wannan shi ne amana da tsari. A kai wa wanda aka sani, a zauna a yi aikin a gaban mai kaya, a karɓi babban fayil, a goge na kwamfutar shago a kan idonsa. Cibiyoyi kuma su horar da mata masu wannan aiki, su ba iyali ikon cewa wannan a nuna, wannan a rufe sai bayan shekara kaza. Barin kaset ya ruɓe don gudun fallasa asara ce da za a iya kauce mata.

Kai kuma mai karatu, ba a fafe gora ranar tafiya. A wannan makon ka buɗe akwati da durowa ka fito da kaset-kaset ɗin gidanku. Wanda ka ga fumfuna a jikinsa kada ka sa shi a na'ura, domin zai ɓata ta ya shafa wa sauran, ka ware shi sai an samu mai gogewa. Ka fara da mafi tsufa da wanda babu kwafinsa a ko'ina. Ka ce wa mai shago babban fayil kake so tare da faifai, ka je da rumbunka. Idan an gama, ka zauna da mahaifiyarka ko gwaggonka ku kalla tare, kana tsayar da hoto tana gaya maka wane ne wannan, gidan wa ne wancan, wace shekara ce, kana rubutawa. Bidiyon da babu wanda ya san mutanen cikinsa rabin amfaninsa ya tafi. Na'urorin suna ƙarewa, masu gane fuskokin ma suna tafiya, don haka a yi aikin nan bana.